Yadda Haggai Ya Yi Noman Suruki da Jita

Ni dai Allah ya sani, tun ranar farko na gaya wa Haggai cewa shirin nan nasa ba zai ƙare lafiya ba. Amma wa ya isa ya gaya wa Haggai magana? Mutumin da in ka ce masa ga rami nan gabanka, sai ya ce ai ya ga wanda ya fi shi zurfi a Legas.

Sunana Lawwali, gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwar Zuru, kuma shagona ne ya zama matattarar wannan fitina, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka ga hoton soja rataye a bango ba. To, gidan su Haggai ma akwai, amma na yayansa Aaron ne. Shi Haggai sau uku yana zuwa ɗaukar soja. Na farko gudu ya kayar da shi. Na biyu ya tsaya gardama da mai awon tsawo. Na uku tun daga bakin ƙofa suka gane shi suka ce ya juya. Sai ya tattara ya bi yayan nasa barikin Legas, ya yi shekara biyar yana goge takalma yana kallon talabijin. Daminar shekarar dubu biyu da biyar ya dawo mana da jar jita mai amfani da lantarki, tsirkiyarta biyar maimakon shida, da baƙar rigar fata da ba ya cirewa ko gumi zai kashe shi, da sabon suna wai Haggai Tsawa. Ya ce janar-janar sun yi rawa a gabansa har hular ɗaya ta faɗi.

Abin da ya dawo da shi kuwa Hannah ce, malamar firamare, 'yar Baba Japhet. Baba Japhet tsohon saja ne, dattijon coci, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai in rake yake sha. A al'adar mutanen ƙasar nan akwai golmo: saurayi ya yi wa uban yarinyar da yake so noma shekara bakwai, shi da sa'o'insa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. Da yawa sun saki abin yanzu, amma ban da Baba Japhet. Haggai ya yi shekara biyu, bayansa ya yi ciwo, ya gudu Legas.

Da ya je gaisuwa, tsohon ya dube shi tun daga takalmi har rigar fata, ya ce, "Shekara biyar ta rage maka. Na yafe, don Hannah ta hana ni sakat. Amma gonata ta dawa da ke hanyar Dabai ciyawa ta cinye ta. Asabar ta sama, rana tsaka, zan zo in duba. In na tarar an nome ta, mu sa rana. In ban tarar ba, ka san hanyar tasha."

Hannah ta raka shi ƙofar gida ta ƙara masa da nata. "Haggai, shekara biyar ina jiranka. Wani saurayi, Sila, ya aiko gidanmu neman aurena sau biyu, ni nake cewa a dakata. In ka faɗi wannan, wallahi kada ka ƙara tako ƙofar nan."

Ya bi sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Duk amsa ɗaya suka ba shi: ranar da muke duƙe a gonar surukanmu, kana ina? Gonar kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. In kana wannan baki, na wancan bakin sai ka yi masa ihu.

Washegari sai ga shi a shagona, jita a kafaɗa, yana murmushin da ke sa gabana faɗuwa.

"Injiniya, yara nawa ne a garin nan?"

"Ina zan sani? Ni na haife su?"

"Ka ce dubu. Kowane yaro hannu biyu gare shi. In kowa ya cire ciyawa goma, ina gonar Baba take?"

"To uban wa zai ba ka ɗansa ya yi maka noman suruki?"

"Ba ba ni za a yi ba. Bi na za su yi da ƙafarsu. Kiɗan rok zan kafa."

"Kiɗan me?"

"Rok! Kiɗan Turawa ne, na ƙarti. Jita tana kuka, ganga tana tsawa, mawaƙi yana ihu kamar an take masa yatsa. Amma nawa na yara ne zalla. Na yi nazarin yara, Injiniya. Ka yi wa yaro waƙar ladabi, hamma zai yi maka. Ka ce 'tusa' sau ɗaya, zai bi ka har Sakaba a ƙasa."

Tsakani da Allah, a duk zaman da na yi da Haggai, wannan ce kaɗai maganar gaskiya da na taɓa ji daga bakinsa.

Na ce ba ruwana. Ya ce za a rubuta sunana a bayan kaset. Na ce ba na so. Ya ce da hoto. To, ni ma ɗan Adam ne. Na jawo wata tsohuwar amfilifaya da mai ita ya manta da ita shekara uku, na haɗa masa da lasifika irin ta masu tallar magani, na ɗauko ɗan janaretana. Talle mai faci shi ma hoton ne ya ja shi, ya zo da jarka biyu, da murfin tukunyar matarsa, da tsohon ƙarfen ƙafar babur, ya ce shi ne makaɗi.

Na ja wa Haggai kunne. "Amfilifayar nan tana sakin wuta. Kada ka bari leɓenka ya taɓa makirufo."

"Injiniya, a Legas cikin ruwan sama muke kiɗa."

Ya ja tsirkiya. Innalillahi! Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar nan ba. Awakin da ke kwance a gindin shagona suka tsinke igiya. Wani mai keke ya shige cikin tiren gyaɗa. Talatu mai ƙosai, wadda murhunta ke jikin bangona, ta taso da cokalin tuya a hannu.

"Lawwali, wagga wace irin masifa ta? Jaki aka yankawa cikin shagonka?"

Kafin in amsa Haggai ya buɗe baki ya fara:

"Kawu ya ci wake, ya ƙara da wake,
Ya sha romon wake, ciki ya yi tam,
Ya duƙa zai ɗaura igiyar takalmi...
Ɓuuut!
Kaji sun watse, akuya ta suma,
Ƙuda ya ce, ni na bar muku garin!"

Wajen yin "ɓuuut" ɗin nan ne ya manna leɓe a makirufo. Wuta ta kama shi. Ya yi tsalle sama, ƙafafu suna karkarwa, idanu waje, ya dira a kan jarkar Talle. Yaran da aka taso daga makaranta suka tsaya cak. Sai wata 'yar ƙarama ta fashe da dariya, ta yi tsalle tana karkaɗa ƙafa irin nasa. Shi ke nan. Kafin la'asar yara sun fi ɗari a ƙofar shagona, kowa yana tsalle yana karkarwa.

Haggai ya share hawaye, leɓe ya kumbura, ya ce, "Ka gani? Rawar Tsawa ke nan. Da gangan na yi."

Kwana na biyu ya fito da waƙar majina, wadda take leƙowa ta koma, ta leƙo ta koma, kore shar, har ta gaishe da leɓe. Kwana na uku ta gyatsa, inda duk yara za su haɗiyi iska su saki tare a ƙarshen baiti. Amma ta waken ce ta kama gari.

Jama'a, cikin kwana huɗu babu babban da ke iya duƙawa a Zuru. Ka sunkuya ka ɗauki buta, sai ka ji "ɓuuut" daga bayan danga. Mata suka koma shara a tsaye. Hedimasta alli ya faɗi daga hannunsa a gaban aji, ya dubi allin, ya dubi yara sittin da suka riga suka cika kumatu da iska, ya zaro wani daga aljihu. Alhaji Nasiruddeen mai kantin yadi mabuɗinsa ya faɗi, ya taka shi da ƙafa ya tsaya yana ta gaisawa da mutane har yaran suka gaji suka watse. Wata tsohuwa a unguwarmu da ba ta ji sosai ta ɗauka sabuwar gaisuwa ce, duk wanda ya yi mata sai ta sa masa albarka. Iyaye maza kuwa munafukai ne, ni na faɗa. A gida su zare ido su ɗauki bulala, su zo shagona su ce, "Lawwali, yaya ma baitin akuyar nan yake?"

Yara suka daina cin tuwo, kowa wake yake so, wai za su yi atisaye.

Ranar Laraba sai ga mata sun yi gayya. A gaba Mama Saloma, matar Baba Japhet, uwar Hannah, shugabar zumuntar mata, riƙe da hannun jikarta Divine, 'yar shekara biyar da aka kawo hutu daga barikin Kaduna, inda makarantu suka riga namu rufewa. Ita ce 'yar da ta fara yin tsallen nan. A gefenta Talatu da matan unguwarmu da mayafansu. Ban taɓa ganin an haɗa kai haka a kan magana ɗaya ba.

"Haggai," in ji Mama Saloma, "kai ne ka koya wa jikata ta yi mini wannan abu a gaban baƙi daga Wasagu?"

Ya rusuna, amma bai duƙa sosai ba, don shi ma ya ga yaran. "Mama, ai ilimi ne. Waƙar tana nuna wa yara illar cin wake fiye da kima."

"Tukunya biyu nake dafawa yanzu. Wane ilimi?"

"To, ai sai sun gwada za su gane illar."

"Ta majinar fa?"

"Tsabta ce, Mama. Baitin ƙarshe cewa yake a share."

"A share da me?"

Haggai ya hau gyara tsirkiya. Sai Divine ta leƙo daga bayan zanen kakarta ta rera da ƙarfi, "Da labulen Kaka!"

Mama Saloma ta dafe ƙirji. "Shi ya sa! Shi ya sa labulena ya yi tauri!"

Talatu ta karɓe. "Kai ɗan nema! Ɗiyana ukku, ba wanda ka cin abinci ba ya yi gyatsa awa rago. Ubansu ya ce in ya ƙara ji, kowa ya ɗauki tabarmarshi!" Ta yi ta zazzaga masa har ta fi kowa. Da matan suka juya za su tafi, ta dawo kamar ta manta cokali, ta raɗa mini, "Gobe ku matso da lasifikar kusa ga murhuna. Ƙosai ai wake na, kwana ukku ke nan ko ɗaya bai kwana ba."

Hannah da yamma ta zo ita kaɗai. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Yau na sunkuya zan duba littafin yaro, aji ɗaya ya yi mini. Ni, Haggai. A gaban mai duba makarantu."

"Wannan shi ake kira farin jini, Hannah."

"Ka je gonar kuwa?"

"Gona tana nan inda take. Asabar ki zo ki ga noman zamani. Ki zo da Baba, da fasto, da dattawa. Na ma aika wa waɗancan sa'o'in nawa su zo su koyi aiki."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai cikin wata rediyo da na riga na gyara tun shekaranjiya.

Ga inda lissafin Haggai ya fara karkacewa. Asabar ce, kuma tsakiyar damina. Duk yaron da ya san fartanya, tun da sassafe ubansa ya tasa shi gaba zuwa gonarsu. Manyan da suka rage iyaye mata sun kulle su. Waɗanda suka zo mana su wajen tamanin ne: ƙanana 'yan shekara biyar, shida, da 'yan bariki da aka kawo hutu wurin kakanni daga Legas da Kaduna da Jos, yaran da ba su taɓa ganin dawa ba sai a cikin tuwo.

Na ce, "Haggai, waɗannan ba manoma ba ne."

"Cire ciyawa har sai an yi digiri? Tura amalanke, Injiniya."

Muka ɗora janareta da amfilifaya da jarkokin Talle a amalanke, muka kama hanyar Dabai, yara suna biye suna gyatsa a jere. Daren jiya an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. Dawar Baba Japhet ta kai gwiwa, kore shar, ciyawa ta cika tsakaninta amma ba ta kamo ta tsawo ba.

Haggai ya hau amalanke, ya sa baƙin tabarau, ya ɗauki makirufo, wannan karon nesa da leɓe.

"Sojojin Tsawa! Kuna ji na?"

"Eeeh!"

"Ga doka. Duk inda kuka ji 'ɓuuut', kowa ya tumɓuke ciyawa ya kawo nan! Wanda ya kawo wadda ta fi ta kowa tsawo, shi zan ba makirufo ya yi 'ɓuuut' da bakinsa, duk Dabai ta ji!"

Yara suka yi ihu kamar an ce za a raba musu keke.

Ni a lokacin ina can gindin wata ɗorawa da janareta, don na kai shi nesa saboda hayaƙi, kuma sai tari yake yana neman mutuwa. Talle ɗan cikin gari ne, kansa yana ƙasa yana jibgar jarka. Shi kuwa gogan naku ya juya wa gona baya, don wai haka manyan 'yan rok suke yi a talabijin, ya rufe ido, yana kaɗa kai kamar mai gashi, alhali kansa tal yake. Ya yi waƙar wake. Ya maimaita. Ya ga abin yana tafiya, sai ya riƙa jera "ɓuuut" uku-uku a baiti ɗaya don aiki ya yi sauri.

Na fi awa ɗaya ina fama da janareta kafin ya daidaita. Da na ɗago, sai ga wani yaro ya wuce ni da gudu, riƙe da abu dogo mai faɗin ganye, saiwa tana zubar da ƙasa. Na murza ido. Na dubi gona.

Wayyo Allah! An ce musu wadda ta fi tsawo. Me ya fi tsawo a gonar dawa?

Na ruga ina ihu, "Haggai! Dawa ce! Dawar suke cirewa!"

Ya ɗan waiwayo, ya gan ni ina ɗaga hannu ina tsalle, ya faɗa cikin makirufo, "Kun gani? Har Injiniya ya kamu! Ɓuuut!"

Dawa tamanin ta tashi sama.

Na koma da gudu in kashe janareta. Makashinsa ya daɗe da lalacewa, sai an cire hular fulogi. Da gaggawa na kama da hannu jiƙe. Wuta ta watsa ni cikin kunyar dawa, ƙafafuna suna karkarwa. Yaran da ke kusa suka ce, "Rawar Tsawa!" suka kwanta su ma suna yi, a kan dawa. Na tashi na shiga gona ina kama su ɗaya-ɗaya ina cewa su bari. Suka ɗauka wasan guje-guje ne, kowa ya fizgi biyu ya zille.

Ana cikin haka na hango su tafe a kan hanya. Baba Japhet a gaba da tsohon takalminsa na soja, Mama Saloma, Hannah, fasto da laimarsa, dattawa uku, da sa'o'in Haggai su wajen goma da suka zo koyon aiki.

Haggai ma ya hango su, don ta wajen hanya yake fuskanta. Ya ƙara wuta, ya durƙusa a kan amalanke, ya ɗaga jita sama ya ja wani kuka da ita, sannan ya yi ihu, "Aiki ya ƙare! Wa ya ci gasa?"

Divine ta taho tana jan wata da ta fi ta tsawo. Gumi ya rufe masa tabarau, ya ga abu dogo kawai, ya miƙa mata makirufo. "Ga zakara! Jikar Baba da kanta!" Sannan ya cire tabarau don ya tarbi baƙi. Ya dubi abin da ke hannun yarinyar. Ya dubi tulin da ke gefen amalanke, wanda ya kai ƙugun mutum. A hankali ya juya ya dubi gona.

Fiye da rabinta babu dawa ko ɗaya. Ciyawa kuwa tana nan tsaye ƙyam, ko ganye ɗaya ba a taɓa mata ba, ta ma sami sarari.

Talle ya daina kiɗa. Ba ka jin komai sai janareta can gindin ɗorawa.

Baba Japhet ya tako har gaban tulin. Ya ƙare masa kallo.

"Baba," in ji Haggai, "wannan sabon tsari ne. A Legas..."

"A Legas dawa ake cirewa a bar ciyawa?"

"A'a, Baba. Ana dai... ana fito da ita ne saiwar ta ɗan sha iska."

"Ta sha iska."

"E, Baba. Tana ƙara mata ƙarfi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sai ya sunkuya a hankali, irin sunkuyawar mai ciwon baya, zai ɗauki ɗaya daga ƙasa ya duba saiwar.

Na ga Divine ta ɗaga makirufo da hannu biyu. Na ga ta cika kumatu. Fasto ya gani, Hannah ta gani, Mama Saloma ta buɗe baki ta ce, "Ke Div..."

"ƁUUUUUT!"

Lasifikar nan ba ta taɓa yin aiki irin na ranar ba. Ƙarar ta tafi ta bugi dutse ta dawo. Kuma yaran nan, da yake an koya musu doka, sai duk su tamanin suka duƙa, kowa ya ƙara tumɓuke dawa ɗaya, a gaban mai gona.

Sa'o'in Haggai suka zube a ƙasa. Ɗaya yana dukan kunya da hannu yana cewa a taimake shi zai mutu. Fasto ya sauke laima ya rufe fuska da ita, laimar tana rawa. Mama Saloma ta cire ɗankwali ta bi Divine, Divine ta gudu da makirufo tana ƙarawa, har waya ta ƙare ta fizge amfilifayata daga amalanke ta faɗa cikin taɓo. Hannah ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Idonta ya ciko, kuma gaskiya ta ba ni tausayi.

Baba Japhet ya miƙe, dawa a hannu. Ya jira har kowa ya yi shiru.

"Ƙasa tana da danshi," ya ce. "Dawa tana dasuwa. Za ka rage wa kowace ɗaya ganye, ka mayar da ita raminta da hannunka, kai kaɗai. In ka gama, ka nome ciyawar da ka bar mini. In dawar nan ta yi kai, ka zo mu yi magana. In ba ta yi ba..." Ya juya ya dubi 'yarsa.

Hannah ta ce, "In ba ta yi ba, ya auri jitar."

Kwana tara Haggai ya yi a gonar nan a duƙe. Yara kuwa ba su yashe shi ba, kullum suna jere a bakin gona. Ya duƙa ya dasa, ɓuuut. Ya matsa gaba ya duƙa, ɓuuut. Ya kore su, ya jefe su da hoge, ya roƙe su don girman Allah, ina! Ai shi ya ce yaro zai bi ka har Sakaba. Rigar fata tun rana ta biyu ya cire ta, Baba Japhet ya rataye ta a sanda tana korar tsuntsaye. Rana ta uku Hannah ta kawo masa abinci a kwano, ta ajiye ba ta ce masa sannu ba. Ya buɗe, wake ne zalla.

"Ci," ta ce, "ka sami abin waƙa."

Ya cinye tas, don ya gane tunda ta kawo, ba ta fita batunsa ba tukuna.

Allah ya taimaki wawa, ruwa ya yi ta sauka a kan kari. Dawa ta kama, ta yi kai, ba duka ba, amma ta yi. Bayan girbi, cikin Disamba, aka ɗaura aure. Aka yi liyafa a filin makarantar su Hannah, ni na haɗa lasifika. Tun kwana uku kafin ranar Mama Saloma ta bi gida-gida ta gargaɗi iyaye, kuma a filin kowace uwa tana riƙe da kunnen ɗanta. Divine an toshe mata baki da cincin.

Aka ba Baba Japhet makirufo ya yi wa ango da amarya nasiha. Ya yi ta gajeriya, fuska a murtuke yadda ya saba. Sai aka ce ango ya zo ya gaishe da surukinsa. Haggai ya taho cikin kwat, ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu. Yara tsit. Ya yi ajiyar zuciya, ya duƙa har ƙasa a gaban tsohon.

"Ɓuuut."

Daga lasifika ta fito, da murya mai kauri. Kowa ya juya wajen Divine, bakinta cike da cincin. Sannan aka juyo. Baba Japhet yana zaune, makirufo a bakinsa, fuskar nan ko motsi. Ya miƙa wa mai gabatarwa makirufon, ya naɗe hannu a ƙirji.

Filin nan ya kife. Iyaye suka saki kunnuwa, yara suka ɗauka gaba ɗaya, Mama Saloma tana cewa "Japhet! Da girmanka!", amarya ta kifa kai a tebur tana dariya har kwalliya ta ɓaci.

Haggai ya taso, ya karkaɗe gwiwa, ya biyo ta inda nake tsugune da wayoyina. Na ɗauka kunya ce ta koro shi. Sai ya dafa kafaɗata.

"Injiniya, ka ji da kunnenka ko? Har Saja ya haddace waƙata. Ka gyara amfilifayar nan, Litinin za mu fara kaset."